Tikitin gudu a Texas: kafin ka yi saurin biya, ga yadda maganar kwas take

Salam jama'a. Tun wajen sunan da muka taru a Houston kwanakin baya nake jin maganar nan tana yawo, wai idan ɗan sanda ya ba ka tikiti gara ka biya kawai ka huta, wai kwas ɗin tuƙin kiyaye haɗari da kotu ke ba da izinin yi don a kori ƙarar tikitin tarko ne, duk wanda ya yi shi sunansa ya shiga baƙin littafi kenan. Har wani ƙanenmu da bai cika shekara da zuwa ba ya ciri kuɗin hayar ɗakinsa ya biya tikitin gudu a daren da aka ba shi, don tsoro kawai. To gaskiya a juye aka fahimci abin.

Biyan tikitin shi ne amsa laifin. Da zarar ka biya an rufe shari'a da cewa ka aikata, kotu ta aika wa hukumar DPS mai kula da lasisi, abin ya hau tarihin tuƙinka, kamfanin inshora zai gani ranar sabuntawa, masu Uber da Lyft ma kun san ana duba muku wannan tarihin. Kuma idan irin wannan ya taru huɗu cikin wata 12, ko bakwai cikin wata 24, za a iya dakatar da lasisin gaba ɗaya. Sa hannun da ka yi a gefen titi kuwa ba amsa laifi ba ne, alkawari ne kawai cewa za ka tuntuɓi kotu kafin ranar da aka rubuta a takardar.

Shi kwas ɗin awa 6 ne, ana yinsa ta intanet a waya ko kwamfuta, ana samunsa daga dala 25, amma dole ya zama makarantar da TDLR, hukumar Texas mai kula da irin waɗannan makarantu, ta ba lasisi. Mai lasisin Texas da inshora mai rai, wanda laifinsa irin na yau da kullum ne kamar ɗan gudu ko tsallake jar danja, yawanci ya cancanta.

Inda mutane ke rikicewa shi ne a kotu. Kafin a ba ka izini sai ka cike takarda ka ce ko dai ka amsa laifi ko kuma ba ka jayayya, to nan ne gaban mutanenmu ke faɗuwa, su ce ai ga shi nan, an sa ni na amsa. Eh ka ce ba ka jayayya, amma alƙali ba ya yanke hukunci a lokacin, ajiye shari'ar yake yi ya ba ka kwana 90. A cikin kwanakin nan ka gama kwas, ka karɓi satifiket, ka ciro tarihin tuƙinka daga DPS, samfurin da ake kira 3A, ka miƙa wa kotu duka biyun, shikenan sai a kori ƙarar. Abin da zai rage a tarihinka kawai shi ne ka yi kwas ranar kaza, don a san ka yi amfani da damarka, domin sau ɗaya ake yi a wata 12. Dokar jihar ma ta hana kamfanin inshora ƙara maka kuɗi ko soke maka inshora saboda ka yi kwas ɗin, wasu kamfanonin ma ragi suke yi in ka nuna musu satifiket.

Ba kyauta ba ne fa, kar wani ya ce na ce. Akwai kuɗin kotu da za ka biya ranar neman izini, galibi ya haura dala 100, kowace kotu da nata lissafin. Wani sai ya duba ya ga ai bambancinsa da tarar ba yawa, me zai sa ya zauna awa 6 yana kallon bidiyo, ya manta ƙarin inshorar da zai yi ta biya shekara da shekaru.

Ni kaina na taɓa yin wautar da yawancinmu ke yi. Na sayi kwas na gama shi tsaf kafin in nemi izinin kotu, na je da satifiket ina murna, matar da ke tagar ta duba kwanan watan ta turo min abina. Izini ne farko, kuma sai ka nema kafin ranar da ke jikin tikitin ta wuce, ko a ranar. Idan kuma an ba ka izinin ka yi sakaci kwana 90 suka cika, za a kira ka ka yi bayani, in ba hujja sai hukuncin ya hau kanka ka biya tarar. Wanda ya cusa tikitin a aljihun mota ya manta da shi gaba ɗaya kuwa, wannan har sammacin kamu ana iya fitar masa.

Waɗanda ba a ba su wannan damar: wanda ya zarce ƙa'idar gudu da mil 25 a awa ko fiye, wato wajen kilomita 40, ko ya kai mil 95 a awa, wanda ya wuce motar 'yan makaranta tana sauke yara, wanda ya gudu daga wurin haɗari, da wanda aka kama a inda ake aikin titi ma'aikata suna wurin.

Sai 'yan uwanmu direbobin tirela masu lasisin CDL, wato lasisin tuƙin kasuwanci, su ne abin ya fi zafi a kansu. Mai CDL ba shi da kwas, ko da kuwa a ƙaramar motarsa ta gida aka tsayar da shi ranar Lahadi zai kai iyali cefane, doka ba motar take kallo ba, lasisin da ke aljihunka take kallo. Tushen abin daga gwamnatin tarayya ne, ta hana jihohi ɓoye laifin tuƙi na mai lasisin kasuwanci. Na fahimci dalilin, wanda ke jan kaya tan da yawa a babban titi ya kamata a san halin tuƙinsa, amma wallahi ni dai ina ganin akwai tsauri, mutumin da abincinsa ya rataya a kan lasisi shi ne ba a yi wa afuwar ko sau ɗaya, ɗan jami'a mai gudu don nishaɗi kuma duk shekara yana da dama. Ko ɗayan sassaucin da alƙali ke iya yi, na ɗage hukunci ya sa maka ido har kwana 180, shi ma ba a yi wa mai CDL. Don haka Malam direba, in an ba ka tikiti kar ka biya kuma kar ka sayi kwas, nemi lauyan da ya saba da shari'ar tuƙi tun ranar kotun ba ta matso ba.

Duk wannan dokar Texas ce, na New York da Maryland da sauran jihohi kowa ya duba bayan tikitinsa ya kira lambar kotun da ke jiki, tsarin ba ɗaya ba ne.