"Ai tsufa ne": maganar da na gaji da ji a bakin 'ya'yan tsofaffi

Ranar Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, aka shigo mana da wata dattijuwa a Adaidaita Sahu, jikokinta biyu sun tallabo ta. Shekarunta sun haura tamanin da biyar. Leɓe ya bushe ya tsattsage, idanu sun faɗa, ba ta gane kowa. Na tambayi babban ɗanta, "Alhaji, tun yaushe Inna take haka?" Ya ce, "To Malama, yau kwana shida ke nan rabonta da abinci, sai ɗan kunu." Na ce me ya hana ku kawo ta? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi mun ɗauka tsufa ne."

Mutumin nan mai son mahaifiyarsa ne, na shaida. Shi ya kai ta Makka, shi ya gyara mata ɗaki, kullum da safe sai ya durƙusa ya gaishe ta kafin ya wuce Kantin Kwari. Amma kwana shida yana kallonta tana ƙanjamewa, kuma ba a rasa kuɗin mota ba. Abin da ya tsare su a gida kalma biyu ce kawai. Tun da na fara aiki a ƙaramin asibitin unguwa a cikin birni, babu watan da zai wuce ban ji ta ba, daga bakin ɗan kasuwa, daga bakin malamin makaranta, har daga bakin wanda ya yi digiri.

Jama'a, tsufa ba ya zuwa a kwana shida. A hankali yake tafiya, shekara da shekaru: gwiwa ta yi nauyi, gani ya ragu, sai an ɗaga murya a ji. Tsohuwar da ranar Juma'a ta yi alwala da kanta, ta zauna a tsakar gida tana tsinkar zogale tana yi wa jikoki faɗa, ranar Litinin kuma ta kasa tuna sunan 'yarta, wannan cuta ce ta kama ta. Sau da yawa ma cutar da ake warkewa ce: ƙarancin ruwa a jiki, ciwon mafitsara, sanyin haƙarƙari, zazzaɓin cizon sauro, suga ya hau ko ya faɗi.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini. Hadisi ya zo cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ban da tsufa. Gaskiya ne, ba ni da allurar mai da tsoho yaro. Amma farkon hadisin umarni ne da a nemi magani, kuma abin da ya kwantar da Inna ba tsufan ba ne. Ajali idan ya zo babu mai tare shi, ni ma na yi imani da haka. Sai dai ba kai aka ba ilimin ranar ba, Alhaji. Abin da aka ɗora maka shi ne ɗawainiya.

Masu lissafin lafiyar al'umma suna da wata hanya ta gane cewa wani abu na cin mutane ko da ba a san sunansa ba. Sukan duba yawan waɗanda aka saba binnewa a irin wannan wata, su gwada da na bana, abin da ya hau kai shi ne abin tambaya. Mu a Kano ba sai an koya mana wannan a aji ba, mun gan shi a watan Afrilun 2020. Masu haƙar kabari a Dandolo da sauran makabartu su suka fara cewa gawarwakin sun fi na kullum, tun kafin hukuma ta yi magana. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon bincike: mutum 979 sun rasu a ƙananan hukumomi 8 na ƙwaryar birni, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana danganta su da korona a kan wata cutar da mutum yake fama da ita tun da, akasarinsu sun haura shekara 65, kuma fiye da rabi a gida suka cika. A wancan lokaci akwai uzuri. Ana cikin dokar kulle, asibitoci masu zaman kansu da dama a rufe, kowa na tsoron kowa. Yau ƙofa a buɗe take, amma halin barin tsoho a ɗaki yana nan inda yake.

Kuma ba sai annoba ta zo ba. A watan Agustan 2003 zafin rana kaɗai ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, mafi yawansu tsofaffi, da dama daga cikinsu masu zaman kaɗaici a ɗaki babu mai leƙa su. Mu namu suna tsakiyar gida, ga 'ya'ya ga jikoki ga surukai, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Ku lura da kanku: daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke wuce digiri 40, da kuma tsakiyar hunturu a Disamba da Janairu, sau nawa liman yake cewa a tsaya akwai jana'iza bayan an idar da salla? A rediyo kuma sai ka ji "ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya". Wasu gajeruwar ce da gaske. Wasu kuwa ta yi sati biyu a ɗaki ana ce mata tsufa.

Bari in daɗe kan ruwa, don a nan muka fi asara. Wanda ya manyanta sosai ba ya jin ƙishirwa kamar ni da kai, jikinsa na bushewa bakinsa bai nema ba. Idan kina jira Baba ya ce a ba shi ruwa, kin makara. Akwai kuma abin da ba sa faɗa wa 'ya'yansu, mu suke faɗa wa a hankali idan ɗaki ya watse: da gangan suke ƙin sha. Banɗaki na can ƙarshen gida, ƙafa ba ta ɗauka, suna kunyar tashin jika da tsakar dare, suna tsoron fitsari ya zubo ya ɓata musu tsarki. Sai mutum ya wuni a ɗaki mai rufin kwano, babu wuta babu iska, da kofi ɗaya. Ku sa musu fo ko bokiti mai murfi kusa da gado, ku shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado, kada wanda ya nuna ƙyama a fuska, za ku ga sun sha. Idan azumi ya faɗo cikin zafi kuma, tsohon da ba ya iyawa addini ya yi masa sauƙi, ku kai shi ga malamin da yake jin maganarsa ya gaya masa da bakinsa. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, shi a bi abin da likitan ya ce.

Da hunturu kuwa mura ce ke sauka ƙirji. Tsoho na iya kamuwa da sanyin haƙarƙari jikinsa bai yi zafi ba ko kaɗan, sai dai numfashi ya yi sauri, ya daina ci, ya yi ta barci. A taɓa goshi a ce ai babu zazzaɓi, tsufa ne. Sannan a shigar masa da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga. Hayaƙin da ba a gani shi ke kashewa, ku daina.

Idan an gaji da cewa tsufa ne, sai a koma kemis. A kira yaron kemis ya zo gida ya yi allura, ya rataya ƙarin ruwa a ƙusa, ba a auna jini ba, ba a auna suga ba, ba a san halin zuciya ba. A ɗura wa tsohuwa maganin ciwon gaɓɓai wata da watanni har ƙoda ta gaza. Maganin hawan jini kuma da an ga sauƙi a ajiye, wai ya sauka. Bai sauka ba, maganin ne ya danne shi. Ko kuma a ce a jira babban yaya ya dawo daga Abuja, shi ke da ta cewa. Ku kira shi a waya kuna cikin mota!

Na san rayuwa ta yi tsada, ni ma albashi nake jira. Amma zan faɗi wata magana ko da za ta yi zafi. Na sha zuwa ta'aziyya gidan da aka ce babu kuɗin asibiti, na tarar da rumfa biyu a ƙofar gida, kujeru na haya, ruwan roba katan-katan ana raba wa baƙi, ana sauke tukwanen sadakar uku. Wadda aka taru dominta kuwa ƙishirwa na cikin abin da ya kwantar da ita.

Wani lokaci su iyayen ne ke ƙi. "Ku bar ni, na ci zamanina, kada ku wahalar da kanku." Kara ce, ba ta son ta zama kaya a kanku. Kada ku karɓi a'ar farko. Ku turo jikar da take ji da ita, ku lallaɓa, ku ce awo kawai za a yi a dawo. Idan tana jin nauyin namiji ya duba ta, ku faɗa mana, akwai mata a cikinmu.

Waɗannan ba a kwana da su a gida:

Ruɗewa ko sambatu da suka zo farat ɗaya, ko barcin da ba a saba gani ba.
Ƙin ci da sha wuni guda cur, ko fitsari ya ragu ya yi ja.
Numfashi sama-sama, ko ciwon ƙirji.
Gudawa ko amai: a fara ba da ruwan gishiri da sukari, a taho.
Faɗuwa, musamman idan ya kasa taka ƙafa. Hoto tukuna kafin maganar mai ɗori.
Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe: shanyewar ɓarin jiki ce, a wuce babban asibiti kai tsaye, Murtala ko Malam Aminu Kano ko Nassarawa, duk wanda ya fi kusa. A yi addu'a a tofa, amma kada a ɗura masa ruwa ko zuma a baki, zai shaƙe.

Innar da na fara da labarinta mun tura ta babban asibiti a ranar. Ciwon mafitsara ne da ƙarancin ruwa. Jiya ɗanta ya biyo ya ce ta gane shi, har ta tambayi goronta. Na yi hamdala, na kuma roƙe shi ya riƙa kawo ta awon jini da suga ko tana lafiya lau.

Idan za ku kawo tsoho, ku zubo duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da na Islamik kemis, kada a ɓoye mana komai. Kuma a taho da wadda take kwana ɗaki ɗaya da shi ko take kai masa abinci, don ita ta san ranar da abin ya fara.