Yadda sinadarin tsiro zai iya tayar da maganin ciwon daji a inda ake so

Wane sinadari ne wannan?

Idan ka fasa goro ko ka yanka doya ka ajiye, launinsu yakan sauya. Aikin enzayim ne, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu abubuwa da iskar oksijin. Wani enzayim da masu binciken ciwon daji, wato kansa, suka sa wa ido sunansa peroksidas, ana samunsa a saiwar wani tsiro mai yaji na ƙasashen Turai, hosradish. Kada a ɗauka zogale ne, ko da yake Turawa suna kiran zogale da suna mai kama da wannan.

Ina ruwansa da ciwon daji?

Babbar matsalar maganin kansa ita ce ba ya bambanta lafiyayyen nama da mai cuta, shi ya sa gashi ke zubewa, jiki ya galabaita. Sai aka yi dabarar ba majiyyaci magani yana barci, wanda ba ya cutarwa har sai ya gamu da enzayim ɗin da aka riga aka kai cikin ƙarin, wato kumburin dajin. Kenneth Bagshawe ya gabatar da irin wannan tsari a Landan a 1987.

To, mene ne maganin da ke barcin?

Nan ne abin ya fi burge ni. Shi ma na tsiro ne: IAA, sinadarin da ke sa tsiro girma da karkata wajen rana. Wajen shekarar 2000, masana a cibiyar Gray da ke Ingila, ciki har da Peter Wardman da Lisa Folkes, sun nuna cewa idan peroksidas ya taɓa IAA, yakan ƙwace masa ƙwayar lantarki guda, wato elektron, sai IAA ɗin ya farfashe ya zama guba mai lalata ƙwayoyin halittar da ke kusa. Haɗin yana aiki ko a inda oksijin ya yi ƙaranci, kuma tsakiyar ƙari haka take, wurin da hasken rediyasho ke kasa yin tasiri sosai.

Ana ba marasa lafiya yanzu?

A'a. Aikin bai wuce ɗakin gwaji da ɓeraye ba. Garkuwar jikin mutum tana ɗaukar enzayim ɗin tsiro a matsayin baƙo, ta far masa, kuma kai shi cikin ƙari kaɗai har yau yana da wuya. Cin saiwar ko shan ruwanta ba ya maganin kansa, domin ciki zai narkar da enzayim ɗin tun bai je ko'ina ba.