Siyasar ƙasar da za ka je ta shafe ka, ko da fatauci ne ya kai ka

A Abuja, ɗan kasuwar Wuse mai zuwa sari ƙetare da uban da zai tura yaro karatu, duk shirinsu kan tsaya a biza, tikiti da canjin kuɗi. Da wuya ka ji an tambayi yadda ake mulkin ƙasar da za a shiga.

Ni baƙo ne, ina ruwana da siyasar ƙasar mutane?

Da ruwanka, domin kai ne ba ka da dangin da za su ɓoye ka idan ta ɓaci. Ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, wata rundunar ƙasar da ke hamayya da su. Filin jirgin birnin na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, nan take ya daina aiki. Ɗalibanmu, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, sai da aka kwashe su a motocin bas zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can suna jiran a buɗe musu, kafin jirage su fara sauke su a Abuja a farkon watan Mayu. Babu ɗaya daga cikinsu da ya je Sudan don siyasa.

To yaya zan gane ƙasar da mulkinta ya zauna da gindinsa?

Kada shirun titi ya ruɗe ka. Abin dubawa shi ne yadda mulki ke sauya hannu, da kuma ko akwai wanda ya isa ya ce wa shugaba a'a. A Fabrairun 2024 shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓen Senegal, Dakar ta rikice da zanga-zanga, amma kotun tsarin mulki ta soke ɗagewar, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, ɗan adawa Bassirou Diomaye Faye ya lashe. A ganina wannan hayaniyar ta fi aminci a kan lumanar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya.

Sai dai miƙa mulki sau ɗaya bai wadatar ba. A 2021 Nijar ta ga zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe a karon farko, daga Issoufou zuwa Bazoum. Shekara biyu bayan haka, ranar 26 ga Yulin 2023, dogarawan fadar Bazoum suka tsare shi. Wanda ya san an yi juyin mulki a can a 1974, 1996, 1999 da 2010 bai sha mamaki sosai ba. Abin da ya biyo baya mu ma ya taɓa mu: aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris ɗin 2024.

Akwai inda ake auna waɗannan abubuwa?

Akwai. Gidauniyar Mo Ibrahim na fitar da ma'aunin shugabanci na ƙasashen Afirka, Bankin Duniya ma yana da nasa. Suna da amfani, amma labarin bara suke ba ka. Ka haɗa da labaran makon da za ka tashi.

Nijar ta fita daga ECOWAS. Sai da biza ke nan?

Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, amma ɓangarorin biyu sun ce za a ci gaba da shige da fice ba biza. Wannan sanarwa ce ta siyasa, tana iya sauyawa. Ka riƙe fasfonka da katin rigakafin shawara, kada ka dogara da cewa yarenku ɗaya da jami'in shinge.

Idan tafiyar ta zama dole fa?

Ka guji makon zaɓe da ranakun da ake jiran sakamako. Da ka sauka, ka kai sunanka da lambarka ofishin jakadancin Najeriya, domin a ranar kwashe mutane wanda aka san da zamansa ya fi saurin samun kujera. Ka ajiye tsabar kuɗi, saboda gwamnatoci kan katse intanet lokacin rikici, kamar yadda Senegal ta yi wa na wayar hannu, kuma ranar da hakan ta faru tiransifa ba za ta cece ka ba. Kada ka ɗauki hoton sojoji ko masu zanga-zanga, kada ka tsoma baki a gardamar siyasa a tasha ko majalisar mai shayi. Tun kana Abuja ka tambayi iyakar da ta fi kusa da inda za ka sauka, wadda za ka iya fita ta mota, ko da filin jirgi zai rufe.