Facin zuciya: daga ɓerayen 2001 zuwa birai da aladu

Ita zuciya ba kamar fata ba ce da za ka yanke ta warke abinta. Idan jijiya ta toshe naman wurin ya mutu, tabo ne ke maye gurbinsa, shi kuwa tabo ba ya bugawa. Shi ya sa duniya ta ɗauka a 2001 da masu bincike Donald Orlic da Piero Anversa suka wallafa a mujallar Nature cewa sun yi wa ɓeraye allurar ƙwayoyin halitta na ɓargo, wai ƙwayoyin sun rikiɗa sun zama sabon naman zuciya. Kafin ka ce kwabo likitoci a Jamus har sun fara gwadawa a jikin mutane.

To a 2004 sai Charles Murry a Siyatil da wata tawaga a Sitanfod suka maimaita gwajin, ba su ga wata rikiɗa ba. Amma gogan naka Anversa ya riga ya yi gaba, yanzu cewa yake zuciya tana da nata ƙwayoyin asali (wato ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗa su zama sabon nama) a ɓoye masu suna c-kit, kuɗin bincike kuma sai kwarara suke, sai da Jeffery Molkentin a 2014 ya sa wa ƙwayoyin nan alama a jikin ɓera ya bi sawunsu, ya tarar naman da suke samarwa bai taka kara ya karya ba. A 2017 aka biya gwamnatin Amurka dala miliyan 10 kan zargin maguɗi a ɗakin binciken Anversa, a 2018 Jami'ar Habad ta nemi a janye takardun bincikensa 31. Shekara goma sha bakwai fa!

Ni a ganina aikin ƙwarai na waɗanda ba su yi surutu ba ne. Su Murry suka ɗauki ƙwayoyin asali na ɗan tayi suka rene su a faranti har suka fara bugawa da kansu, a 2014 suka dasa wajen biliyan ɗaya a zuciyar kowane birin da suka yi gwaji da shi. Suka kama, suka yi nama na gaske. Sai dai baƙin na da nasu kiɗan, zuciyar biran ta riƙa bugu barkatai na makonni, Yuji Shiba a Japan ma haka ya gani a 2016. Da aka koma kan aladu, waɗanda zuciyarsu ta fi kama da tamu a girma da sauri, rikicin bugun ya fi muni, har wasu suka mutu.