Haƙar bayanai da abin da take yi wa sirrin mutane da tsaro

Haƙar bayanai, wadda Turawa ke cewa data mining, ita ce a sa kwamfuta ta bi tarin bayanai masu yawan gaske tana lalube har ta zaƙulo wani tsari ko wata alaƙa da ke ɓoye a ciki, irin wadda mutum ko zai shekara yana duba layi bayan layi ba zai gano ta ba. An aro sunan ne daga haƙar ma'adinai, inda ake kwashe ƙasa tuli guda don a samu ɗan abin da ke da daraja. Sai dai sunan yana ɗan ruɗa mutane, domin ba bayanan ake haƙowa ba, su dama an riga an tara su, abin da ake haƙowa shi ne sanin da ke kwance a cikinsu. Fannin ya haɗo ilimin ƙididdiga da na rumbun adana bayanai da kuma na koyar da na'ura.

Asalinsa

Wasu dabarun sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, ƙa'idar Bayes ta lissafin yiwuwar abu tun 1763 aka wallafa ta. Amma fannin a matsayinsa na mai cin gashin kansa ya taso ne ƙarshen shekarun 1980, lokacin da bankuna da manyan kantuna da kamfanonin waya suka wayi gari da bayanan da suka fi ƙarfin ma'aikatansu. A 1989 Gregory Piatetsky-Shapiro ya shirya taron ƙara wa juna sani na farko kan gano ilimi a cikin rumbun bayanai, wanda ake taƙaita sunansa da KDD, kuma a 1995 aka yi babban taron ƙasa da ƙasa na farko a Montreal ta ƙasar Kanada. A tsakanin nan, a 1994, Rakesh Agrawal da Ramakrishnan Srikant na kamfanin IBM suka fito da dabarar Apriori, wadda ke gano kayan da mutane suka fi saye tare, har yau ana koya wa ɗalibai ita.

Yadda ake aikin

Wanda bai taɓa yi ba sai ya ɗauka wahalar tana wajen lissafi, alhali mafi yawan lokacin yana tafiya ne wajen share bayanan, a cire wanda aka shigar sau biyu, a cike gurbin da aka bari fayau, a daidaita kwanan wata da wani ya fara da rana wani ya fara da wata. Bayan haka sai a zaɓi dabara, a horar da ita da wani kaso na bayanan, a gwada ta da kason da bata taɓa gani ba. Wannan gwajin ba a wasa da shi, saboda kwamfuta tana iya haddace bayanan da aka ba ta kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin jarrabawar bara, da an canza tambaya sai ya faɗi. Akwai wani tsari da masana'antu ke bi mai suna CRISP-DM da aka kammala wajajen 1999, ya kasa aikin gida 6 tun daga fahimtar matsalar har zuwa saka sakamakon cikin aiki.

Dabarun suna da yawa amma kaɗan ne suka fi yawo. Akwai rarrabewa, wato a nuna wa kwamfuta misalai masu alama, wannan saƙon imel na damfara ne wannan na gaskiya ne, har ta iya raba sababbi da kanta. Akwai tara masu kama da juna rukuni rukuni ba tare da an gaya mata sunan rukunin ba. Akwai gano abubuwan da ke tafiya tare, kamar a ce yawancin wanda ya sayi sabuwar waya yana sayen caja da murfi a rana ɗaya. Sai kuma gano abin da ya fita daban da sauran, wanda shi ne ke sa banki ya dakatar da kati idan aka yi amfani da shi a ƙasashe biyu masu nisa cikin awa guda.

Amfaninsa ba a musu a kai. Da shi ake gano illar magani da bata bayyana ba lokacin gwaji, da shi ake hasashen injin da ya kusa lalacewa kafin ya tsaya, da shi ake tace saƙonnin banza da sun cika akwatin kowa.

Inda sirri ya shigo

Nan ne maganar take da nauyi, kuma nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Yawancinmu muna ɗauka cewa sirri shi ne abin da ka faɗa ko ka ƙi faɗa, in baka rubuta wa kamfani cewa kana da ciwo ba to bai sani ba. Haƙar bayanai ta rushe wannan tunanin, domin aikinta kenan ta ciro abin da ba a faɗa ba daga abin da aka faɗa. A 2012 jaridar New York Times ta ba da rahoton yadda kantin Target na Amurka ya gano wasu kaya wajen 25, irinsu man shafawa marar ƙamshi da wasu magungunan ƙarin sinadari, waɗanda idan aka haɗa sayensu ana iya hasashen mace tana da ciki har ma da ƙiyasin lokacin haihuwa. Ba wadda aka tambaya, rasidin sayayya ne kawai ya yi magana. A 2013 kuma Michal Kosinski da abokan aikinsa suka nuna, da bayanan mutum kusan 58,000 da suka yarda aka yi binciken da su, cewa abubuwan da mutum ya danna wa alamar so a Facebook kaɗai suna iya nuna addininsa da ra'ayinsa na siyasa da wasu abubuwan da ba kowa zai so a sani ba.

Abu na biyu, wanda ni a ganina ya fi na farkon tayar da hankali, shi ne cire suna baya ɓoye mutum. Shekaru da dama hukumomi da kamfanoni suna goge suna da adireshi daga bayanai su saki sauran suna cewa ai yanzu ba a san ko na waye ba. A 1997 Latanya Sweeney, lokacin tana ɗaliba a jami'ar MIT ta Amurka, ta nuna ba haka ba ne. Wata hukumar inshorar ma'aikatan jihar Massachusetts ta saki bayanan asibiti da aka cire wa suna amma aka bar ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya. Sweeney ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge a kan dala 20, ta ɗora wannan kan wancan, sai ga mutum 6 kawai suke da ranar haihuwa ɗaya da gwamnan jihar William Weld, 3 daga ciki maza, ɗaya tak a yankinsa, ta haka ta kai ga fayil ɗin asibitinsa. Allura ce ta tono garma. Daga baya ta ƙiyasta cewa kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka ana iya ware su da waɗannan abubuwa uku kaɗai.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Agustan 2006 kamfanin intanet na AOL ya saki abubuwan da mutum sama da 650,000 suka nema a intanet cikin wata 3, kusan layi miliyan 20, an maye sunan kowa da lamba. Cikin 'yan kwanaki 'yan jarida suka gano wata mata ta hanyar abin da take nema kawai, sunan garinsu, mutane masu sunan danginta, matsalar karenta, kuma da aka gane ta duk sauran abin da ta taɓa tambaya a ɓoye ya fito fili tare. A wannan shekarar Netflix ya sa gasar dala miliyan 1 ga wanda zai inganta masa hasashen fim, ya saki maki sama da miliyan 100 da mutum kusan 480,000 suka ba finafinai 17,770. Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov na Jami'ar Texas suka nuna cewa in ka san finafinai 8 da mutum ya ba maki da kusan ranakun da ya bayar, ko da biyu daga ciki kuskure ne, kana iya ware shi kashi 99 cikin 100, sun kuma gwada da bayanan da mutane suka sa da sunansu a IMDb, wani shafin intanet da ake ba finafinai maki. An kai Netflix kotu, a 2010 ya fasa gasar ta biyu.

Bayanan wurin da mutum yake sun ma fi saurin tona shi. Binciken Yves-Alexandre de Montjoye na 2013 kan wayoyin mutum miliyan 1.5 ya nuna cewa wuri 4 da lokacinsu sun isa a ware kashi 95 cikin 100. Kuma in ka yi tunani ba abin mamaki ba ne, mutum nawa ne suke kwana a gidanku kuma suke yini a wurin aikinka?

Sai maganar amfani da bayani a inda ba don shi aka bayar ba. Badaƙalar kamfanin tallan siyasa na Cambridge Analytica da ta fashe a 2018 ita ce misalin da kowa ya sani, mutum wajen 270,000 ne suka sauke wata manhajar gwajin hali, amma manhajar ta kwashi har bayanan abokansu, Facebook da kansa ya ce adadin na iya kaiwa miliyan 87, aka yi amfani da su wajen tallan siyasa. A 2019 hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

Ɓangaren tsaro

Ta fuskar tsaro abin kaifi biyu ne. Masu tsaron intanet da shi suke gano kutse, suna koya wa na'ura yadda zirga-zirgar bayanai take a rana ta yau da kullum, in wata kwamfuta ta fara tura gigabait masu yawa waje da tsakar dare sai ƙararrawa ta buga. Amma tara bayanai wuri ɗaya don a haƙa shi ma yana jawo ɓarayi, a 2017 an yi wa Equifax, kamfanin da ke tara tarihin bashin mutane, kutse aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147, mutanen da akasarinsu basu taɓa zaɓar hulɗa da kamfanin ba. Wani lokacin ma ba sai an yi sata ba, a Janairun 2018 aka lura taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna fasalin sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna gudu da na'urar a hannu. Maharan kuma suna iya gurɓata bayanan da ake horar da na'ura da su da gangan don ta koyi ƙarya.

Gwamnatoci ma sun shiga ciki. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, hukumar DARPA mai bincike don ma'aikatar tsaron Amurka ta fara wani shiri na haɗa bayanai iri iri don farautar 'yan ta'adda, majalisar Amurka ta yanke masa kuɗi a 2003 saboda kukan da aka yi, sannan a 2013 Edward Snowden ya fallasa cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA tana tara bayanan kiran wayar miliyoyin mutane, waye ya kira wa, yaushe, minti nawa. Matsalar irin wannan aikin ba ta haƙƙi kaɗai ba ce, har da ta lissafi. A ƙaddara ana binciken mutum miliyan 10 kuma mugaye 10 ne kawai a cikinsu, na'urar kuma tana kuskure sau 1 cikin 100, to mutum kusan 100,000 da basu ji ba basu gani ba za ta nuna, kowanne kuma mutum ne mai iyali da aiki da za a iya tsarewa ko a hana shi tafiya. Gano damfarar kati yana aiki ne saboda misalan suna da yawa kuma kuskuren bai wuce a kira ka a tambaya ba.

Hanyoyin kariya

Sweeney da Pierangela Samarati sun kawo dabarar da ake dusashe bayani har kowane mutum ya zama yana da aƙalla wasu da suka yi kama da shi sak, a sa shekarar haihuwa maimakon ranar, a sa yanki maimakon unguwa. Tana taimakawa amma tana da rami, in duk mutum 5 da ke rukunin ciwo ɗaya suke da shi to ai an riga an san naka. A 2006 Cynthia Dwork da Frank McSherry da Kobbi Nissim da Adam Smith suka zo da wata hanya ta daban, a zuba ɗan hargitsi da aka auna da lissafi cikin amsar, yadda shigar mutum ɗaya ko fitarsa ba zai canza sakamakon sosai ba. Tushen tunanin ya yi kama da dabarar Stanley Warner ta 1965, a yi wa mutum tambaya mai kunya amma sa'a ce, kamar jefa tsabar kuɗi a ɓoye, za ta yanke yadda zai amsa, ba wanda zai iya kama shi da amsarsa amma in aka tara na dubban mutane adadin gaskiya yana fitowa. Hukumar ƙidayar Amurka ta yi amfani da hanyar su Dwork a ƙidayar 2020, duk da wasu masu bincike sun yi ƙorafin cewa alƙaluman ƙananan yankuna sun gurɓace, kuma ƙorafin nasu yana da tushe, iya yawan kariyar iya raguwar daidaiton.

Ta ɓangaren doka, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wato GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ita ce aka fi kwaikwayo. Ta ce a karɓi iya bayanin da ake buƙata, a yi amfani da shi don dalilin da aka faɗa, mutum yana da damar ya ga abin da aka tara a kansa ya kuma nemi a goge, tarar tana iya kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duk duniya, wanda ya fi yawa.

Gibin da ya rage shi ne yawancin dokokin an gina su ne kan yardar mutum ɗaya, ka danna na yarda ko ka ƙi, alhali bayanin wani yana tona na wani. A Afrilun 2018 'yan sanda a Kalifoniya suka kama wani mutum da ake nema kan kashe-kashen da aka yi tun shekarun 1970 da 1980, sun kai gare shi ne ta shafin GEDmatch inda mutane ke ɗora sakamakon gwajin ƙwayar halittarsu don neman dangi. Shi bai taɓa ɗora komai ba, wasu 'yan uwansa na nesa ne suka ɗora nasu, daga nan masu bincike suka zana bishiyar dangin suka yi ta tacewa har suka iso kansa.