Yawan p53 a Ciwon Dajin Tumbi Ba Alamar Kariya Ba Ne

Mutum zai iya ɗauka cewa tunda furotin p53 aikinsa hana ƙari tsiro, to ganinsa da yawa a tsokar da aka yanko daga tumbi albishir ne. Ba haka ba ne. Lafiyayyen p53 ba ya daɗewa, cikin kimanin minti 20 furotin MDM2 ke sa a narkar da rabinsa, shi ya sa da ƙyar yake fitowa a gwajin rini da ake yi wa tsokar don a gano shi. Wanda ya gurɓace ne ke taruwa ya yi dam a ƙwayoyin ƙarin, alhali ba ya iya aikinsa na hana ƙari. Rashinsa kwata-kwata a gwajin ma yakan nuna gurɓacewa. Wajen hasashen makomar majiyyaci kuwa, likitoci sun fi duba zurfin da ƙarin ya ci bangon tumbi, yawan kaluluwar da ya kama, da ko ya kai hanta.