Tambayoyin da ba sa ƙarewa kan anziman da ke rushe furotin a tsiro

Ɗaliban aikin gona na Yamai, ga amsoshin a rubuce, don kada wani ya sake tare ni da su.

Mene ne E3 ligas?

Anzim ne da ke zaɓen furotin ɗin da aikinsa ya ƙare, ya liƙa masa ubikitin, ƙaramin furotin mai amino asid 76. Idan ubikitin ya jeru a kai, injin niƙa furotin na cikin ƙwayar halitta, mai suna 26S, ya niƙe shi. Binciken nan ya ci kyautar Nobel a 2004. Yana cikin takardunku.

Su nawa ne?

A Arabidopsis, ɗan tsiron da ake yawan bincike da shi, kaɗai sun haura 1,400, kusan 700 daga ciki dangin F-box ne. Ba wanda ya ce ku haddace su.

Malam, idan muka kashe gado mai suna GW2 a hatsi, wato gero, ƙwaya za ta yi girma, amfani ya ƙaru?

Ku bi a hankali. A shinkafa aka gano GW2 a 2007. E3 ne da ke taƙaita rabuwar ƙwayoyin ɓawon tsaba, in ya lalace tsaba ta ƙara faɗi da nauyi. Amma a shinkafar ma yawan tsaba a zangarniya ya ragu. A alkama kwafi uku ne, kashe ɗaya ba ya yin tasiri kamar kashe duka. Hatsi kuwa lamarinsa daban ne. Furen macen yana riga na namijin fitowa, iska ke kawo masa garin fure daga gonar maƙwabci, shi ya sa lalataccen kwafin gado yake ɓuya ƙarƙashin lafiyayyen da ya zo daga can. Sai kun rufe zangarniya da jakar takarda tun kafin gashin furen ya leƙo. In kun makara kwana ɗaya, aikin ya ɓaci. A zuriya ta biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai zai ɗauki kwafi biyu lalatattu. Ku busar da tsaba sosai, ku auna nauyin guda 1,000, ku ƙirga tsabar kowace zangarniya, sannan ku auna amfanin fili gaba ɗaya. Damana ɗaya ba ta isa ba, wuri ɗaya ma haka, don abin da ya yi kyau a Sadore, tashar bincike kusa da Yamai, zai iya faɗuwa a tudun Tawa idan ruwa ya ɗauke lokacin cikar ƙwaya. Mai yiwuwa a samu riba, mai yiwuwa babbar ƙwaya ta zo da rabin zangarniya fanko. Kada wannan ya karya muku gwiwa, gwaji ne da ya cancanci a yi.

Gajeriyar alkama ma E3 ne ya lalace?

A'a. E3 ɗin lafiya lau yake. Furotin DELLA mai hana tsawo ne ya canza, ya ƙi rushewa.

LGS1 na dawa mai jure ƙuduji fa?

Ba danginsu ba ne. Gado ne da ke canza sinadarin da saiwa ke fitarwa, wanda ke sa irin ƙuduji ya tsiro. Ku daina rubuta shi cikin jerin E3, makin ku ne ke zubewa.